Bindigar da Aka Jingine a Lungu: Nazarin Abin da Ya Faru a Burkesville

Ranar Talata 30 ga Afrilu, 2013, da misalin ƙarfe ɗaya na rana, wata uwa tana aikace-aikacen gida a yankin Burkesville da ke jihar Kentaki a Amurka. 'Ya'yanta biyu suna ciki, namiji ɗan shekara 5 da ƙanwarsa 'yar shekara 2. Ta ɗan fita bakin ƙofa. Daga baya ta shaida wa masu bincike cewa fitar tata ba ta wuce minti uku ba. Tana wajen ta ji ƙarar harbi. Harsashi ɗaya ne, ya sami yarinyar a ƙirji. Aka garzaya da ita asibitin gundumar, amma rai ya yi halinsa.

Yayanta ne ya harbe ta, kuma da bindigarsa. Ba ta mahaifinsa ya sato ba, ba kuma a hanya ya tsince ta ba. Tasa ce ta kansa, kyauta aka ba shi. A wani lungu na gidan ake jingine ta, kuma babu wanda ya san an bar harsashi a cikinta.

Sunan bindigar Crickett. Kamfanin Keystone Sporting Arms da ke garin Milton a jihar Pennsylvania ne ke ƙera ta tun 1996, kuma domin yara ƙanana aka yi ta. Doguwar bindiga ce da aka rage wa jiki, nauyinta kilo ɗaya da ɗan wani abu, ƙotarta gajeriya daidai kafaɗar yaro, ana yin ta da launi kala-kala, har da shuɗi da ruwan hoda. Taken tallarta shi ne "Bindigata ta Farko". Harsashi ɗaya take ɗauka, ɗan ƙarami mai lamba .22, irin wanda ake harbin kurege da zomo da shi. A shekarar 2008 kaɗai kamfanin ya ce ya ƙera irin waɗannan bindigogi na yara guda 60,000. Wanda duk ya gan ta a hannun yaro zai iya ɗauka abin wasa ce. Amma harsashin .22 yana huda ƙirjin babba, balle na 'yar shekara 2.

Mutanen wurin

Burkesville ƙaramin gari ne a gaɓar kogin Cumberland, kusa da iyakar Tennessee. Mutanensa kamar 1,500 ne, gundumar gaba ɗaya ba ta kai mutum 7,000 ba. Ƙasar tuddai ce da daji, ta manoma da mafarauta da masunta. Jami'in da ke binciken musabbabin mutuwa a gundumar, Gary White, ya gaya wa 'yan jarida cewa a wajensu gadon bindiga ake yi daga kaka zuwa jika, kuma tun yaro yana ƙarami ake fara nuna masa ita saboda farauta. Ya ce yaron ya saba harba 'yar bindigar tasa, ya kuma kira abin da ya faru tsautsayi. Shugaban gundumar na lokacin, John Phelps, ya ce da wuya a sami gida a yankin da babu bindiga a ciki.

Labarin ya faɗo a lokacin da Amurka take tafasa. Wata huɗu da rabi kafin nan, ranar 14 ga Disamba, 2012, an kashe yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook. Kwana 13 kafin harbin Burkesville kuma, ƙudurin faɗaɗa binciken masu sayen bindiga ya faɗi a majalisar dattawa, ya sami ƙuri'a 54 alhali 60 ake buƙata. Saboda haka nan da nan kowane ɓangare ya ja labarin Burkesville zuwa gefensa. 'Yan birni suka yi ta mamakin yadda mai hankali zai ba ɗan shekara 5 bindiga. Mutanen karkara suka ji ana yi musu kallon jahilai, suka toshe kunne.

Ni ban ga amfanin zagin mutanen nan ba, kuma ban yarda ba su son 'ya'yansu ba. Duk wanda ya tashi a gidan sana'a ya san yadda ake yi. Ɗan maƙeri yana zuga tun hannunsa bai kai ga guduma ba, ɗan mahauci yana riƙe ƙafa kafin a ba shi wuƙa. Uban da ya saya wa ɗansa bindigar da ta yi daidai da jikinsa, a ganinsa gata ya yi masa, domin babbar bindiga takan fi ƙarfin yaro ta karkace a hannunsa. Abin da ya kamata a bi diddigi shi ne wane ɓangare na koyarwar ya yi aiki, wane ne kuma aka ɗora wa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Hanyoyi biyu na koya wa yaro

A Amurka akwai hanya biyu da ake bi, kuma sau da yawa gida ɗaya yakan haɗa su.

Ta farko ita ce "kada ka taɓa". Ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta ƙirƙiro shirin Eddie Eagle a 1988, da hoton wata mikiya mai magana da yara. Saƙon gaɓa huɗu ne da ake rera wa 'yan naziri da 'yan firamare: tsaya, kada ka taɓa, bar wurin, gaya wa babba. An kai shi ga miliyoyin yara ta hannun malamai da 'yan sanda.

Ta biyu ita ce "zo in nuna maka". Masu wannan ra'ayi sun ce abin da aka ɓoye wa yaro shi yake nema, gara a cire masa ɗoki da wuri. A zaunar da shi, a nuna masa yadda ake buɗe bindiga, a kai shi fili ya ga abin da harsashi ke yi wa kankana ko jarkar ruwa, a haddatar da shi ƙa'idoji. Ƙa'idojin da suka fi shahara huɗu ne, waɗanda wani tsohon hafsan sojan Amurka mai suna Jeff Cooper ya tsara: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka nufin hallakawa, kada yatsanka ya je kan kunama sai ka gama saiti, ka tabbatar da abin da za ka harba da abin da ke bayansa.

Iyalin Burkesville hanya ta biyu suka bi. Kuma a nan ne hanya ta farko ta rushe tun kafin a je ko'ina, domin ba za ka ce wa yaro kada ya taɓa abin da ka miƙa masa da hannunka ka ce nasa ne ba. A ƙwaƙwalwar ɗan shekara 5, "nawa" kalma ce mai ƙarfi. Takalminsa nasa ne, kekensa nasa ne, yana ɗaukarsu duk lokacin da ya ga dama. Bindiga mai launi, daidai tsayinsa, a jingine inda hannunsa ke kaiwa, ta shiga sahun waɗannan kayan.

Akwai wani abu a ƙirar bindigar da ya daɗe yana tsaya mini a rai. Crickett ba ta tashi da zarar an sa harsashi an rufe sakata. Sai an kama wani ɗan maɓalli a bayanta an ja shi baya da hannu, sannan kunama ta yi aiki. An yi hakan ne da gangan, don a sami ɗan jinkiri tsakanin ɗurawa da harbi, babban da ke kusa ya sami damar dubawa. Dabara ce mai kyau idan babban yana wurin. Ga yaron da ya saba harba ta kuwa, jan maɓallin nan darasi ne da ya riga ya iya. Abin da aka koya masa a fili shi ne yadda ake sa bindiga ta tashi, kuma wannan hannunsa ya riƙe. Lokacin da bai kamata ta tashi ba, wannan hukunci ne na hankali, kuma babban da ke tsaye a bayansa ne yake yanke masa shi kullum.

Dokar farauta ta Kentaki ma ta san da haka. Yaron da bai kai shekara 12 ba zai iya fita farauta, amma sai da babba a kusa da shi, kusancin da zai iya karɓe makamin nan take. Wato a cikin daji, inda bakin bindiga yake kallon itatuwa, doka ta ce sai da babba a gefe. A cikin ɗaki, inda ƙanwa take wasa, dokar jihar ba ta ce komai ba game da yadda za a ajiye ta.

Abin da yara ke yi idan sun zaci ba a ganinsu

Ba sai an yi hasashe ba, an gwada. A wani bincike da aka yi a Atlanta aka buga a mujallar likitocin yara a 2001, an ɗauki yara maza 64 'yan shekara 8 zuwa 12, aka raba su rukuni 29, 'yan'uwa ko abokai. Kowane rukuni aka bar shi a wani ɗakin asibiti na minti 15, masu bincike suna kallo ta bayan gilashin da ba a ganin na waje. A wata durowa an sa bindigogin ruwa na wasa. A wata kuma an sa ƙaramar bindigar hannu ta gaske, an gyara ta yadda ba za ta tashi ba, an maƙala mata na'urar da ke nuna an ja kunama. Rukuni 21 suka gano ta. A rukuni 16 an ɗauke ta an jujjuya. A rukuni 10 wani ya ja kunama. Kusan rabin waɗanda suka gan ta sun zaci ta wasa ce ko kuma ba su tabbatar ba. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne, fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da suka taɓa ta ko suka ja kunamar sun ce an taɓa koya musu kiyaye haɗarin bindiga.

Waɗannan fa manyan yara ne a kan na Burkesville. Ga ƙanana kuwa, a 2004 masu bincike a jami'ar jihar Dakota ta Arewa sun gwada 'yan shekara 4 da 5. Wasu aka koya musu Eddie Eagle, wasu aka bi da su ta hanyar kwaikwayo da maimaitawa da gyara. Da aka tambaye su, duka ɓangarorin sun iya faɗin saƙon da baki. Da aka ce su nuna a gaban malami, 'yan kwaikwayon ne suka iya. Da aka ajiye bindigar da ba ta aiki inda za su ci karo da ita ba tare da sun san gwaji ne ba, akasarinsu daga ɓangarorin biyu ba su aikata abin da suka haddace ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna ana samun ci gaba idan aka kama yaro a daidai lokacin aka sa shi ya sake yi daidai, sau da yawa. Wannan ya nuna koyarwa tana da amfani. Bai nuna za a iya jingina ran wani yaro a kanta ba.

Duk uwar da ta taɓa cewa "kada ka je bakin rijiya" ta san wannan ba tare da jami'a ba. Yaro zai amsa da "to", zai ma maimaita wa ƙaninsa, amma ba wanda zai bar rijiya a buɗe saboda an ce "to".

Iyaye kuma sukan yi wa 'ya'yansu zaton da ya wuce gaskiya. A wani bincike a karkarar Alabama da aka buga a 2006, an tambayi iyaye daban, 'ya'yansu daban. Cikin iyayen da suka ce 'ya'yansu ba su san inda bindiga take ba, kashi 39 cikin 100 'ya'yan sun ƙaryata su. Cikin waɗanda suka ce 'ya'yansu ba su taɓa riƙe ta ba, kashi 22 cikin 100 'ya'yan sun ce sun riƙe. Masu cewa yaro ba shi da ƙarfin jan kunama ma an auna: a 1995 an gano kashi 25 cikin 100 na 'yan shekara 3 zuwa 4, da kashi 70 cikin 100 na 'yan shekara 5 zuwa 6, suna da ƙarfin yatsun da za su harba yawancin ƙananan bindigogin hannu.

Wa ya karya ƙa'ida?

Idan aka jera ƙa'idojin Cooper a kan abin da ya faru, yaron ya karya ta biyu da ta uku. Amma ta farko, wadda ita ce uwar sauran, babba ne ya fara karya ta. Ga alama wani ya dawo da bindigar daga harbi bai buɗe sakata ya leƙa ba. Wani ya jingine ta a lungu bisa zaton babu komai a ciki. Mutanen gidan suka yi ta wucewa ta gabanta a kan wannan zaton. Manyan da suka fi shi shekaru da sani sun manta ƙa'ida sau ɗaya, sai aka wayi gari abin da ya rage tsakanin harsashin da yarinyar shi ne kada ɗan shekara 5 ya manta ko sau ɗaya.

Kuma shekarun nan suna da muhimmanci. Yaro a wannan ƙuruciyar bai gama fahimtar cewa wanda ya mutu ba ya dawowa ba. A majigin yara ana harbin mutum ya faɗi ya tashi. Mu da kanmu ba ma umartar yaro da salla sai ya kai bakwai, lokacin da ya fara rarrabewa. Ƙungiyar matasan karkara ta 4-H, wadda ke koyar da harbi a faɗin Amurka kuma ba wanda zai ce tana ƙin bindiga, a galibin jihohi ba ta karɓar yaro a wannan fanni sai ya kai 8 ko 9.

Kakar yaran ta gaya wa wani gidan talabijin cewa nufin Allah ne, lokacin jikarta ne ya yi. Mai karatu Bahaushe ba zai ji baƙon abu a wannan maganar ba, ita muke faɗa a zaman makoki, kuma gaskiya ce. Ban ga laifin tsohuwar da ta nemi sanyin zuciya a nan ba. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mutum ɗaure raƙuminsa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu. Ya hana miƙa takobi a zare. Sahabbai manya ake gaya wa haka, mutanen da suka san makami. Idan hannun babba abin tsoro ne, ina ga na yaro.

A nan lamarin ya taɓa mu kai tsaye. Gidajen mafarautanmu ma suna gadon bindiga, kuma rashin tsaro ya sa harba-ka-ruga ta shiga ɗakuna da yawa a ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato. Ita kuwa ta fi Crickett wuyar sha'ani ta fuska ɗaya: ta baki ake ɗura mata albarushi, kuma da zarar an ɗura, fitar da shi aiki ne, hanya mafi sauƙi ita ce a harba. Wanda ya dawo daga sintiri bai yi harbi ba, a ɗure zai rataye ta ko ya tura ta ƙarƙashin gado, a ɗakin da yara ke shiga da fita.

Doka da lissafi

Dokar tarayyar Amurka ta 1968 ta hana dillali mai lasisi sayar wa wanda bai kai 18 ba doguwar bindiga, ƙaramar ta hannu kuma sai 21. Amma ba ta sa mafi ƙarancin shekarun riƙe doguwar bindiga ba, don haka uba ya saya ya ba ɗansa bai saɓa mata ba. Dokar Kentaki da ta hana bai wa yaro makami da ganganci ƙananan bindigogin hannu ta ambata, ba dogaye irin Crickett ba. Wasu jihohin sun bi wata hanya. Fulorida ta fara a 1989 da dokar hukunta wanda ya bar bindiga mai harsashi inda yaro zai kai gare ta, Massachusetts kuma ta wajabta kulle duk bindigar da ba ta hannun mai ita. Shekara goma bayan rasuwar yarinyar Burkesville, Kentaki ba ta yi irin wannan dokar ba.

Kalmar "tsautsayi" ma tana da tasiri a kan lissafi. A watan Satumba na 2013 jaridar New York Times ta bi takardun mutuwar yara a wasu jihohi, ta gano irin wannan harbi na kuskure ya kusa ninka abin da alƙaluman hukuma ke nunawa, saboda jami'ai da yawa suna rubuta shi a matsayin kisan kai tunda wani ne ya harbi wani. Wani ƙiyasi da aka gina kan binciken 2015 ya nuna yaran Amurka miliyan 4.6 suna zaune a gidajen da ke da bindiga mai harsashi kuma ba a kulle ba.

Abin da aka tabbatar yana rage mutuwar shi ne mafi rashin armashi a ciki duka. Wani bincike da aka buga a 2005 ya kwatanta gidajen da yaro ya harbi kansa ko wani da gidaje masu bindiga da hakan bai faru ba. Kulle bindiga ya zo da raguwar haɗarin da kusan kashi 70 cikin 100, ajiye ta babu harsashi ma kusan haka, kulle harsashi da raba masa wuri da bindigar su ma kowanne ya rage. Babu ɗaya daga cikin huɗun da ke buƙatar yaro ya tuna wani abu, kuma babu wanda ya hana uba kai ɗansa fili ranar Asabar ya koya masa saiti.

Masana'antar bindiga da kanta ta san haka. Tun 1999 ƙungiyar masu ƙerawa da sayarwa take raba makullai kyauta ta ofisoshin 'yan sanda, a shirin da ake kira Project ChildSafe, kuma ta raba miliyoyi. Igiyar ƙarfe ce mai rufin roba da ɗan kwaɗo a bakinta. Kafin a zura ta sai an ja sakatar bindiga an buɗe cikinta, kuma wanda ya buɗe cikin Crickett idonsa zai sauka a kan gindin harsashin da ke zaune a gurbinsa, ɗan tagulla wanda faɗinsa kamar na fensir ne.